Kada Mu Jira Sai Kumatun Yaro Ya Kumbura

A yawancin gidajenmu, ranar da yaro zai fara ganin likitan haƙori ita ce ranar da kowa a gidan ya gaji. An kwana biyu ko uku ba a runtsa ba. An sayo farasitamol a kemis, an daka kanumfari an cusa a kogon, an sa shi kurkure baki da ruwan gishiri, wata maƙwabciya ta ba da shawarar a murƙushe asfirin a ɗora a dasashi, aka ɗora, ya ƙone wurin. Sai da kumatu ya tashi har ya fara rufe ido sannan maigida ya ce a shirya a tafi asibiti. A can kuwa abin da ya rage wa likita kaɗan ne: ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya cire haƙorin. Mutum biyu za su danne yaron, ya yi ihu iya ƙarfinsa, ya fito ya ƙudurta a ransa cewa ba zai sake taka wannan ɗaki ba. Da yawa daga cikinmu da muka manyanta muna tsoron kujerar likitan haƙori, tsoron daga irin wannan rana ya samo asali.

Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Yaro ya kamata ya fara ganin likitan haƙori tun bakinsa lafiya lau, kuma nauyin kai shi yana wuyan iyaye kamar yadda nauyin kai shi allurar rigakafi yake wuyansu.

Abin da ya fi hana mu shi ne wata magana da muka gada: ai haƙorin nono ne, zai faɗi wani ya fito. Rabinta gaskiya ce, shi ya sa take da wuyar kawarwa. Haƙoran nono guda 20 ne. Sukan fara tsirowa a wajen wata 6, su kammala kafin yaro ya cika shekara 3. Famfara tana farawa a wajen shekara 6 da haƙoran gaba, amma na can ciki, waɗanda ake tauna da su, ba sa faɗuwa sai tsakanin shekara 10 zuwa 12. To idan mataunin yaro ya yi kogo yana ɗan shekara 4, aka ce a bar shi ai zai faɗi, ana nufin ya zauna da ciwo shekara shida ko bakwai ke nan. A cikin waɗannan shekaru zai riƙa tauna da gefe ɗaya, ya guji nama da duk wani abu mai tauri, ya rasa barci, ya rasa makaranta. Ƙarƙashin kowane haƙorin nono kuma akwai na dindindin yana ginuwa a cikin ƙashi. Ruɓar da ta kai saiwa ta tara mugunya tana iya lalata farfajiyar wanda ke tafe. Idan kuma aka cire na nonon tun lokacinsa bai yi ba, maƙwabtansa sukan karkato su cinye gurbin, sai na dindindin ya zo bai sami wuri ba, ya fito a karkace ko ya maƙale.

Akwai ma wani haƙori da wannan magana take kashewa a banza. A wajen shekara 6, matauni na farko na dindindin suna tsirowa a bayan na nono, biyu a sama biyu a ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba su wuri ba. Saboda babu abin da ya faɗi, iyaye sukan lissafa su cikin na nono. Su ne kuwa ginshiƙin tauna har tsufa, kuma suna cikin waɗanda suka fi saurin ruɓewa, domin samansu na da tsagogi masu riƙe abinci, kuma suna can inda buroshin yaro ba ya kaiwa. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu yana ɗan shekara 9 ba zai sami madadinsa ba.

Ba tsutsa ce take cin haƙori ba, ko da yake har yanzu akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna nuna wa jama'a tsutsar da suka ce sun fitar da hayaƙi. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a kan haƙori cikin wani danƙo fari-fari. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farfajiyar haƙori. Yawu yana wanke wannan tsami ya gyara ɓarnar, amma yana buƙatar lokaci. Saboda haka yawan maimaitawa ya fi yawan adadi illa: yaron da ya cinye alewa biyar a zama ɗaya bayan abinci ya fi samun sauƙi a kan wanda ya wuni yana tsotsar ɗaya bayan ɗaya. Da dare kuma yawu yakan ragu sosai. Jaririn da ake kwantarwa da fida cike da shayi mai sukari ko madarar da aka zaƙaƙa, haƙoransa na gaba suna kwana cikin zaƙi, kuma su ne ake ganin sun yi baƙi sun guntule tun bai yi wayo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, ta ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne a duniya ke da ruɓar haƙoran nono. Tun a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. A dubi teburin mai sayar da alewa, biskit da zoɓo mai sanyi a ƙofar kowace Islamiyya da ƙarfe huɗu na yamma, a auna.

Abin da ya fi ba mu kunya a nan shi ne, mu al'umma ce da tsaftar baki take cikin darasinta na farko. Yaron da ya fara Ahalari ya haddace cewa asuwaki yana cikin mustahabban alwala. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa gudun tsananta wa al'umma ne ya hana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umartar ta da asuwaki a kowace sallah. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa asuwaki ne abin da yake farawa da shi idan ya shiga gida. Ita ce kuma ta tausasa masa asuwakin ɗan uwanta Abdurrahman a jinyarsa ta ƙarshe. Duk wannan mun sani, muna kuma karantar da shi. Amma sai ka ga dattijo da asuwaki a aljihun gaba, haƙoransa tas, jikansa ɗan shekara 5 yana zaune a gefensa da baki cike da kogo, babu wanda ya taɓa ɗaga leɓensa ya duba. Mun ɗauki sunnar a matsayin abin da baligi ke yi wa kansa kafin kabbara, muka manta cewa yaro ba zai iya yi wa kansa ba, kuma jikinsa amana ce da za a tambayi wanda aka damƙa wa.

Kada a ɗauka muna haɗa asuwaki faɗa da buroshi. Itacen arak da Larabawa ke amfani da shi, da darbejiya da sauran itatuwan da muke yankowa a nan, suna goge danƙon haƙori sosai a hannun wanda ya iya. Matsalar ita ce ƙaramin yaro bai iya ba. Yakan tauna kan ya goge haƙoran gaba biyu ya jefar. Kuma asuwaki ba ya ba da isasshen sinadarin fuloraid, wanda shi ne ke ƙarfafa farfajiyar haƙori ya taimaka mata ta jure tsami. Abin da likitoci ke cewa shi ne a fara goge wa jariri da zarar haƙori na farko ya fito, sau biyu a rana, ɗaya daga ciki ya zama daf da kwanciya. Ƙasa da shekara 3, man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Ya tofar, kada ya kurkure da ruwa mai yawa ya wanke maganin. Babba ne zai goge masa ko ya tsaya a kansa har ya kai wajen shekara 7 ko 8. Asuwaki kuma ya riƙe shi a wurin alwala, ya tashi da shi.

Malaman tajwidi ma suna da abin cewa. Harafin fa'un yana fita tsakanin cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama. Sa'un mai ɗigo uku da zalun da za'un mai hannu suna fita daga kan harshe da bakin waɗannan haƙoran dai. Lodun kuwa gefen harshe ne da matauna. Giɓin famfara na ɗan lokaci ne, kowane malami ya san yadda ake haƙuri da shi. Amma yaron da haƙoransa na gaba suka guntule yana ɗan shekara 3 zai yi shekarun da ake kafa masa harshe a kan karatu ba tare da su ba, kuma wataƙila ana ta yi masa gyara a kan abin da ba laifinsa ba ne.

Ƙungiyoyin likitocin haƙoran yara, irin ta Amurka, suna ba da shawarar ziyara ta farko bayan fitowar haƙori na farko, kada ta wuce cikar shekara ɗaya. Mun san wani zai yi dariya: me za a gani a bakin da haƙori huɗu ne kacal a ciki? Ziyarar rabinta ta uwa ce. Likita da uwa suna zama gwiwa da gwiwa, a kwantar da jaririn a cinyoyinsu, a duba dasashi da harshe da haƙoran cikin mintuna kaɗan. Abin da ake nema shi ne wani farin zane mai kama da alli a gindin haƙori, kusa da dasashi. Wannan ita ce ruɓa a matakin da za a iya mayar da ita baya ba tare da an huda komai ba, ta hanyar shafa fuloraid da gyara abin da ake ba yaron. Za a tambayi uwa me yake sha da dare, a nuna mata yadda za ta riƙe kansa ta goge masa. Daga nan sai a riƙa komawa kamar kowane wata 6 ko yadda likita ya tsara. Yaron da ya saba hawa kujerar nan babu abin da ke masa ciwo, ranar da ya buƙaci ciko zai buɗe baki da kansa. Ga iyayen da ke neman abin tuni, allurar ƙyanda da ake yi a wata 9 alama ce mai kyau: an fita da katin rigakafi, sai a nemi inda za a duba baki.

Wannan ziyara tana kuma warware wani ruɗani mai hatsari. A wurinmu, duk zazzaɓi da gudawar da suka sami yaro tsakanin wata 6 da shekara 2, haƙori ne. Fitowar haƙori tana kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, wani lokaci da ɗan ɗumin jiki. Zazzaɓi mai zafi da gudawa mai tsanani ba aikinta ba ne. Sun dai haɗu a lokaci guda ne, domin a watannin nan ne kariyar da jariri ya samo daga uwa take raguwa, yake rarrafe yana kai komai baki. Yaron da ake cewa haƙori ne yana iya kasancewa da zazzaɓin cizon sauro, ana zaune ana jira. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙarshen 2008 ba, lokacin da wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara 84 a Najeriya bisa ƙididdigar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Iyayen yaran nan sun sayo maganin ne don tausayi, a kan abin da yatsa mai tsabta da shafa dasashi zai wadatar.

Mu a Arewa muna da wani dalili na ƙari da bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. Cutar noma, wadda a wasu wurare ake kira ciwon iska, tana farawa ne da kumburin dasashi da warin baki, cikin kwanaki ta ci kumatu da leɓe har ƙashi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, waɗanda suka rayu kuma da fuskar da ta canja har abada. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. A matakin farko, wanke baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Duk bambancin yana ga ko akwai wanda ya duba bakin yaron da wuri. A nan ne muke tuna almajirin da ke nesa da uwarsa. Alaramman da aka damƙa wa yaro ya gaji wannan nauyi tare da allon.

Wasu masu tsoron Allah suna da shakka ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa: ciko, hular haƙori da wayar daidaita haƙora ba su shiga cikin canja halittar Allah ba? Malamai sun rarrabe tsakanin magani da kawar da aibi, da kuma goge haƙora a buɗe tsakaninsu don neman ado, wanda hani ya zo a kansa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfajah ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Daga nan malaman fiƙihu suka halatta ɗaure haƙori da zinariya idan da buƙata, ga namiji ma. Likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a wajen 1013, ya zana kayan kankare dattin haƙori a littafinsa At-Tasrif, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa. Ga ɗalibai da suka fara azumi kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya huda haƙori, cire shi da wanke shi cikin abubuwan da ba sa karya azumi muddin an kiyaye haɗiye abin da ya kai maƙogwaro.

Sai babbar hujja, wadda ba za mu raina ba: kuɗi da nisa. Likitocin haƙori kaɗan ne, waɗanda suka ƙware a kan yara sun fi ƙaranci, kuma yawancinsu suna manyan birane, a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri. Magidancin da ke lissafin kwanon masara ba za mu ce masa ya ɗauki jariri mai lafiya ya yi tafiyar kilomita ɗari ba. Amma wanda ke cikin birni yana sayen lemon kwalba a kowace Juma'a ba shi da wannan uzuri, kuma dubawa ta fi cirewa arha ko'ina. Inda babu ƙwararren yara, kowane likitan haƙori ko ma'aikacin sashen haƙori na babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya duban farko. Akwai kuma hanyoyin da ba sa buƙatar lantarki ko inji. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka fara gwada wata hanya a Tanzaniya, inda ake kwashe ruɓa da kayan hannu a cike ramin. Akwai wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid da ake ɗigawa a kogo ya tsayar da ruɓar, illarsa dai yana baƙanta wurin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, da kayan cikon nan, da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Muna kira ga hukumomin lafiya a matakin farko na jihohinmu su kai waɗannan abubuwa asibitocin sha-ka-tafi, su koya wa masu allurar rigakafi ɗaga leɓen yaro. Kwamitocin masallatai da ke shirya duba ido kyauta a Ramadan su gayyato likitan haƙori ma. Makarantar Islamiyya da ke iya tara kuɗin walimar sauka za ta iya ɗaukar nauyin wuni ɗaya a shekara da za a duba bakin kowane ɗalibi.

Ranar da za a tafi, a daina yi wa yaro barazana da allura, kuma kada a yi masa ƙaryar cewa gidan gwaggo za a je. A ce masa za a je a ƙirga haƙoransa. A zaɓi safiya, ya ci ya ƙoshi ya yi barci. Uba ya je, ko da sau ɗaya ne, domin shi ne yake shigowa da ledar alewa da daddare, ya kamata ya ji bayanin da kunnensa. Idan kuma yaro ya faɗi a wurin ƙwallo haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar ko a kankare ta, a mayar da shi gurbinsa in zai yiwu, in ba haka ba a jefa shi cikin madara, a isa wurin likita cikin awa guda. Na nono ba a mayar da shi.

Kafin a sami ranar zuwa asibiti, akwai abin da za a iya yi a daren yau bayan sallar isha'i. A kwantar da kan yaro a cinya, a haska fitilar waya, a ɗaga leɓen sama har a ga inda haƙori ya haɗu da dasashi, sannan a duba can ciki sama da ƙasa. Farin zane kamar alli, ɗigo mai ruwan ƙasa ko baƙi, rami, ƙurji a dasashi: kowanne daga ciki ya isa a nemi likita a wannan makon. Idan kuwa dasashi na jini da wari, ko kumatu ya fara tashi, musamman ga yaron da bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, a fita da shi da sassafe, kada a jira ranar kasuwa.